Na'urar tattaki ta ƙarƙashin tebur: za ta amfane ni ina aiki a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mace ce 'yar shekara 41, ina zaune a Aboabo, Kumasi. Aikina lissafin kuɗi ne, ina riƙe wa wasu 'yan kasuwar Adum da Kejetia littattafansu, kuma yawanci daga gida nake yi a kwamfuta. Nakan wuni a zaune tun safe har la'asar. Ƙiba ta ƙaru, ƙuguna na ciwo, likita kuma ya ce jinina ya fara hawa, har ya ɗora ni kan magani. Na ga ana tallar wata ƙaramar na'urar tattaki da ake turawa ƙarƙashin tebur, mutum na tafiya yana aikinsa. Tana da amfani ko ɓarnar kuɗi ce? Gidan haya nake, muna da yawa a gidan, kuma ina da yara ƙanana biyu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya raya mana yaran. Aikina gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ne, sashen da ake kira fisiyo a asibiti, kuma masu irin kukanki su suka fi yawa a wurinmu: teloli, masu shago, ma'aikatan banki, direbobi, duk wanda abincinsa ke kan kujera.

Na'urar tana da amfani, amma ga cuta ɗaya, wato dogon zama. Idan don shi za ki saya, kuɗinki bai tafi a banza ba. Idan kuwa fatanki ta narkar miki da ƙiba cikin wata biyu, ko ta raba ki da maganin hawan jini, to riƙe kuɗinki.

Manyan tsokokin jikin ɗan Adam a ƙasa suke: cinyoyi, ɗuwawu da sha-raɓa. Duk sa'ad da suka motsa suna janye sukari daga jini su ƙona, tsokar sha-raɓa kuma tana matsa jijiyoyi ta tura jini sama ya koma zuciya. Kina zama, wannan aiki ya kwanta. Shi ya sa da yamma za ki ga ƙafa ta ɗan tasa, takalmi ya matse, ƙugu ya riƙe, sai kin dafa tebur kafin ki miƙe. Likitoci sun daɗe da sanin haka. A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya duba ma'aikatan manyan motocin bas masu hawa biyu na birnin Landan. Direba na zaune duk wuni, kwandasta na hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma ya fi yi musu kisan farat ɗaya.

Binciken da aka yi daga baya ne ya fi shafar ki kai tsaye, domin ya nuna ba sai an yi gudu an jiƙe da gumi ba kafin a fara ganin canji. A 2012 masu bincike a Ostareliya sun gano cewa tashi a yi tafiyar minti 2 a hankali bayan kowane minti 20 yana rage yadda sukari ke tashi a jini bayan cin abinci. A 2023 kuma wasu a Jami'ar Columbia ta Amurka, ƙarƙashin Keith Diaz, suka zaunar da mutane awa 8 suna gwada tazara iri-iri. Wadda ta fi tasiri ita ce tafiyar minti 5 bayan kowane rabin awa, kuma hawan jini ya sauka da kimanin maki 4 zuwa 5 idan aka gwada da ranar da aka wuni a zaune. Mutum 11 kacal aka yi gwajin da su, don haka ba zan ɗora miki alkawari a kansa ba. Amma ya yi daidai da abin da sauran bincike ke nunawa: yawan tashi shi ne maganin, ko da tafiyar gajera ce.

Maganar ƙiba kuwa, gara ki ji lissafin tun yanzu, tunda ke ma'abuciyar lissafi ce. Likitan da ya yaɗa wannan dabara ta tebur mai tafiya, James Levine na asibitin Mayo Clinic a Amurka, ya auna a 2007 cewa masu ƙiba da ke aiki suna tafiya ƙasa da kilomita 2 a awa suna ƙona ƙarin kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) ɗari da 'yan kai a kowace awa, a kan abin da za su ƙona a zaune. Kwalbar lemo ɗaya mai zaƙi tana da kalori wajen 140. Kin ga kenan tafiyar awa guda, kwalba ɗaya ta shafe ta har da ƙari. A tsawon watanni wannan ƙarin yana taruwa, yana kuma taimakawa wajen hana ƙiba ci gaba, amma sauke nauyi daga kwano yake farawa: sukarin da ake zubawa a koko da shayi, yawan shinkafar waakye, man miya, da tuwon da ake ci dab da kwanciya.

Akwai kuma wani gibi da na'urar ba ta cikewa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2020, ta ce baligi na bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, sannan ya rage zama. Matsakaici shi ne tafiyar da za ki iya magana a cikinta amma numfashinki ya ɗan tashi, kusan taku 100 a minti. Tafiyar da ake yi ana danna kwamfuta ba ta kai nan ba. Tana biyan bashin "rage zama" ne kawai. Sauran sai kin ajiye aikin, kin ƙara saurin na'urar zuwa kilomita 5 a awa ko makamancin haka na minti 20 zuwa 30, ko kuma kin fita. Ni na fi son ki fita idan da hali: bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, ke da maƙwabciya ko biyu, ko ranar Asabar da safe wajen filin wasa na Baba Yara, inda ba za ki rasa masu motsa jiki ba. Hanya mai hawa da gangara irin ta Kumasi tana sa ƙafa aikin da bel mai santsi, wato shimfiɗar na'urar da ke juyawa ana taka ta, ba ya sa ta.

Kada kuma taku 10,000 da ake cewa a yi a kullum ya ɗaga miki hankali. Asalin adadin tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a 1965. Bincike ya nuna amfani na farawa tun ƙasa da haka nesa, kuma ga 'yan ƙasa da shekara 60 yana ta ƙaruwa har wajen taku 8,000 zuwa 10,000. Awa guda a kan na'urar a hankali za ta ba ki taku wajen 3,000.

Kafin ki fitar da sidi dubbai, ga abin da nake roƙon duk wanda ya yi mini wannan tambayar. Ki yi gwajin mako biyu kyauta. Ki saita wayarki ta yi ƙara duk rabin awa, ki tashi ki zaga tsakar gida minti 3 zuwa 5. Duk kiran waya ki amsa shi a tsaye kina kai da komo. Bayan abincin rana ki yi tafiyar minti 10 zuwa 15. Idan kika riƙe wannan, kuma abin da ke hana ki shi ne zafin rana, ko ruwan sama, ko idon mutanen gida, ko aiki da ba ya barin ki matsa daga gaban kwamfuta, to na'urar za ta warware miki matsala ta gaskiya. Idan kuwa wayar ta yi ta ƙara kina kashewa, na'urar ma ƙarƙashin gado za ta ƙare. Na shiga gidaje da dama duba marasa lafiya na tarar da irinta an jingine da bango an rataya mata kaya, kuma abin na ba ni takaici, domin kuɗin zai iya sayen injin awon jini mai kyau da takalmi mai kyau har a samu canji.

To, a ce kin saya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗoki. Mutum ya shekara biyar a zaune, ranar farko ya yi awa uku a kan bel, bayan kwana huɗu ga ciwon diddige, ga gwiwa, ga ƙugu ya fi da. Ciwon diddigen nan da ke tsananta a takun farko da safe yana da naci ƙwarai, yakan ɗauki watanni kafin ya saki. Ki fara da minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a wuni, a saurin kilomita 1.5 zuwa 2 a awa. Duk mako ki ƙara kaɗan. Inda nake so ki kai bayan wata ɗaya zuwa biyu shi ne jimillar awa ɗaya zuwa biyu a wuni, a rarrabe, kina sauyawa tsakanin tafiya, tsayuwa da zama. Zama ba laifi ba ne, daɗewa a yanayi guda shi ne laifin. Tsayuwar wuni ma tana da nata ciwon, tambayi masu sayar da kaya a Kejetia.

Ki zaɓi aikin da za ki yi kina tafiya. Karanta saƙonni, amsa waya, sauraron taro ta intanet, duba rasit, duk suna tafiya daidai. Amma saurin rubutu yana ɗan raguwa, hannu kuma ba ya saita linzamin kwamfuta yadda ya saba. Aikinki na lambobi ne, sifiri ɗaya ya zame kin jawo wa ɗan kasuwa asara. Shigar da alkaluma da daidaita lissafin ƙarshen wata, ki yi su a zaune. Lokacin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne bayan cin abinci, domin a nan ne sukari ke tashi, a nan ne kuma barci ke fizgar mutum. Ki ajiye ayyuka marasa nauyi ki yi su a wannan lokacin a kan na'urar.

Tebur shi ne abin da masu talla ba sa faɗa. Na'urar kanta za ta ɗaga ki sama da ƙasa kimanin santimita 10 zuwa 15, teburinki na yanzu kuwa na zama ne. Idan kika ɗora kwamfuta a kansa kina tafiya a duƙe, wuya da kafaɗu za su biya. Ba sai kin sayi tebur mai hawa da sauka na lantarki ba. Kafinta a unguwa ko a Sokoban, kasuwar masu aikin katako, zai haɗa miki dogo mai ƙarfi, ko akwati mai faɗi da za ki riƙa ɗorawa kan na yanzu. Ki hau na'urar da takalminki, ki saki kafaɗu, ki lanƙwasa gwiwar hannu, a auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannun: tsawon teburin kenan. Saman allon kwamfutar ya zo daidai idonki. Idan laftof ce, ki ɗora ta kan littattafai ki sayi kibod da linzami na daban. Teburin kuma kada ya zama mai rawa, domin shi ne abin dafawarki, tunda yawancin waɗannan ƙananan na'urori ba su da mariƙi.

Wajen saye, ko a shago ko a Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet, kada ki biya sai kin hau. Ki duba nauyin da aka rubuta tana ɗauka, yawanci kilo 100 zuwa 120, ki zaɓi wadda ta fi nauyinki da kilo 15 ko 20, domin tafiya a hankali da nauyi a kai tana wahalar da ƙaramin inji. Faɗin bel ya kai santimita 40 ko fiye. Ki tsaya ki saurari ƙarar ta, ki shinshina ko akwai ƙaurin ƙuna. Mai naɗewa gida biyu tana da sauƙin ajiya a ɗaki, sai dai wasu kan ji gaɓar tsakiyar a tafin ƙafa. Ki tambaya ko akwai bel da rimot na canji, da wanda zai gyara idan ta tsaya. Sannan ki juya ta ki karanta takardar wuta da ke manne a jikinta. Wutarmu a Gana bolt 230 ce. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, kina jona su kai tsaye sun ƙone. Irin wannan sai da taransifoma mai ƙarfi, kuma ni a ganina gara ki bar ta ki nemi mai wutarmu.

Cin wuta ba abin tsoro ba ne. A tafiyar hankali ba ta cin ko rabin abin da dutsen guga ke ci, mitar ku ba za ta yi kuka sosai ba. Abin lura shi ne ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi. Idan aka ɗauke kina kai, bel zai tsaya ba sallama, shi ya sa saurin hankali da tebur mai ƙarfi suke da muhimmanci. Dawowar wutar kuma ita ke ƙona allon lantarkin da ke ciki. Ki sa mata sitabilaiza, ki jona ta a soket na bango mai kyau, ki zare idan hadari ya taso. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura na shiga ƙarƙashin bel da cikin inji, don haka ki riƙa rufe ta da zane kina share ƙarƙashinta. Man silikon kaɗai ake sa wa ƙarƙashin bel, gwargwadon yadda littafinta ya ce. Kada a zuba mata baƙin mai ko man girki, suna lalata shi. Idan bel ya karkata gefe, akwai kusoshi biyu a baya da ake juyawa kaɗan-kaɗan da ɗan makullin da ke zuwa da ita.

Yanzu maganar da ta fi damuna a tambayarki, yaran. Bel ɗin nan da ke tafiya a hankali kamar ba komai, idan yatsun yaro suka shiga ta baya inda yake naɗewa, ba ya tsayawa. Yana goge fata ya ci har nama cikin daƙiƙoƙi, ƙunar da wani lokaci sai an yi dashen fata, kuma tabon na iya riƙe yatsu su ƙi miƙewa. Mu ne ake turo wa irin waɗannan yara daga baya don a koya wa hannu motsi, aiki mai tsawo da kuka. A Amurka a 2021 kamfanin Peloton ya janye wata babbar na'urarsa ta gudu daga kasuwa bayan mutuwar wani yaro da raunata wasu da dama. Taki ƙarama ce, amma bel bel ne. Haɗarin ma a nan ya fi ɓoyuwa, domin idonki na kan kwamfuta, yaro kuma ta baya yake rarrafowa. Saboda haka kada ki kunna ta alhali yaro na ɗakin, ko da a gado yake. Ki rufe ƙofa da sakata, ko ki bari sai sun tafi makaranta ko Islamiyya. Kin gama, ki zare waya daga bango, ki ɗaga rimot inda hannu ba ya kai. Kada ki hau da goyo. A gidan haya kuma ba naki biyun kaɗai ba ne, yaran maƙwabta za su so su gani, su hau, su yi wasa. Ki kafa doka tun ranar farko, ki gaya wa iyayensu dalili.

Sutura ma haka. Doguwar abaya, zane mai jan ƙasa, dogon hijabi, duk bel na iya cafke bakinsu ya ja ki ƙasa. A ɗakinki kike, ki sa wando da riga da ba ta wuce gwiwa ba. Takalmi kambas mai laushin ƙasa, ba silifa ba, ba safa zalla ba. Kada ki manna bayan na'urar da bango, ki bar fili aƙalla mita ɗaya da rabi, don idan kin zame ki sauka a sarari. Ki kunna ta a mafi ƙarancin sauri sannan ki ƙara. Ki kunna fanka, ki ajiye ruwa kusa. Don haƙƙin maƙwabta, ki shimfiɗa mata roba mai kauri a ƙasa, musamman idan a bene kike, ki kuma guje wa tsakar dare da lokacin ƙailula.

Game da hawan jininki, tafiya na cikin abubuwan da suka fi taimaka masa, amma tare da magani. Ko kin ga awo ya yi kyau, likitan da ya ɗora ki kan maganin shi ne zai rage miki shi. Ranar da kika auna kika ga 180 bisa 110 ko fiye, kada ki hau, ki nemi likita. Idan za ki sauka, ki rage sauri minti biyu tukuna, domin tsayawa kwatsam na iya sa jini ya faɗi ki ji jiri. Idan maganinki atenolol ne ko danginsa, yana hana bugun zuciya tashi, kada ki dogara da agogon hannu, ki auna kanki da numfashi da magana. Idan amlodipine ne kuma kika ga idon sawu na kumbura duk da tafiyar, maganin kan yi haka, ki faɗa wa likita. Ciwon ƙirji, haki da ya wuce kima, ko duhun gani, ki tsaya nan take a kai ki asibiti. Tunda akwai ƙiba da hawan jini, ki nemi a auna miki sukari ma. Mai ciwon sukari da ƙafarsa ta fara mutuwa sai ya riƙa duba tafin ƙafa kullum, domin takalmi na iya yi masa rauni bai ji ba.

Ciwon ƙugun da zama ke kawowa yakan yi sauƙi da tafiya, kuma da yawa suna jin bambanci cikin makonni kaɗan. Ki haɗa masa da ɗan aikin ƙarfi kwana biyu a mako: tashi da zama daga kujera ba dafawa sau 10, ɗaga diddige a tsaye sau 15, tura bango da hannuwa sau 10, ki maimaita zagaye biyu ko uku. Amma idan ciwon na sauka ƙafa har ta yi rauni, ko kika ji tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari na kufce miki, wannan ya wuce na zama, asibiti za ki a ranar.

Da azumi ki mayar da tafiyar rana gajera ƙwarai, mai tsawon ki bar ta sai awa ɗaya ko biyu bayan buɗa-baki, musamman idan cikin magungunanki akwai mai sa yawan fitsari. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta awon jininki safe da yamma, da mintocin da kika yi tafiya, da awon ƙugunki da tef sau ɗaya a mako. Bayan mako shida ki tafi da shi wurin likitanki, da shi zai duba ko maganin na bukatar gyara.